Daga mutum huɗu zuwa ɗaruruwa: waiwaye kan yadda PostgreSQL ta tsara mutanenta

A shekarar 1996, mutanen da ke ɗauke da nauyin PostgreSQL ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Marc Fournier yana Kanada, shi ne ya ba da kwamfutar da aka ajiye aikin a kanta bayan ya fita daga hannun jami'a. Bruce Momjian yana Filadelfiya, Thomas Lockhart yana Kalifoniya, Vadim Mikheev kuwa yana can Krasnoyarsk cikin sanyin Saberiya. Lokacin da wani ke shirin kwanciya, wani yana karin kumallo. Babu ofis, babu manaja, babu mai biyan kowa albashi saboda wannan aiki. Kowa da sana'ar da yake ci da ita, sai ya samu sarari sannan ya zauna a kai.

Abin da suka gada kuwa ba ƙarami ba ne. Farfesa Michael Stonebraker ne ya soma aikin a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986 da sunan POSTGRES, jami'ar kuma ta naɗe tabarmarsa a 1994. Ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sanya wa manhajar harshen SQL suka sake ta da sunan Postgres95. A 1996 aka raɗa mata sunan da take amsawa a yau, sigar 6.0 ta fito a Janairun 1997.

PostgreSQL manhajar rumbun bayanai ce. Ga wanda bai saba da fannin ba, rumbun bayanai shi ne inda banki ke ajiye lissafin kuɗin mutane, inda asibiti ke ajiye tarihin marasa lafiya, inda jami'a ke ajiye sakamakon ɗalibai. Idan manhajar wasa ta tsaya, sai a kashe waya a kunna. Idan rumbun bayanai ya ɓatar da layi ɗaya, wani ya rasa kuɗinsa ke nan, watakila ma ba za a gane ba sai bayan watanni. Shi ya sa masu wannan aiki suke da tsoron gaggawa fiye da sauran masu rubuta manhaja, kuma wannan tsoron ne ya tsara kusan duk abin da ya biyo baya.

Akwai wani abu kuma da ya sa lamarin PostgreSQL ya bambanta. Lasisinta ya bar wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya sayar in ya ga dama, kuma babu kamfanin da ya mallake ta. A kamfani, idan ma'aikata sun ƙaru sai a naɗa shugabannin sassa, a ce wane ya yi kaza kafin Juma'a. A nan babu mai ikon ce wa kowa haka. Mutum yana zuwa da abin da ya dame shi ko ya dami kamfanin da ke biyansa, ya rubuta facinsa, wato gyara ko ƙarin da yake son a yi wa manhajar, ya aiko ta imel inda kowa zai gani. To, yaya ake tsara mutanen da ba a iya ba su umarni?

Da farko tambayar ba ta taso ba. Mutanen kaɗan ne, kowa ya san hannun kowa. Momjian yana tara facin da aka aiko, ana tattaunawa, ana shigarwa. Cikin wannan yanayi ne Mikheev ya yi manyan ayyuka biyu da har yau rumbun ke tsaye a kansu: tsarin da ke barin mai karanta bayanai da mai rubutawa su yi aiki lokaci guda ba tare da ɗaya ya tare wa ɗaya hanya ba, a sigar 6.5 ta 1999, da kundin da ke fara rubuta kowane canji kafin a taɓa ainihin bayanan, don in wuta ta ɗauke a iya farfaɗowa, a sigar 7.1 ta 2001. Tom Lane da Jan Wieck suka haɗu da mutum huɗun nan a kwamitin ƙoli na aikin, ya zama mutum shida. Lissafin mai sauƙi ne: tsakanin mutum shida akwai hanyoyin magana 15 na mutum biyu-biyu, tsakanin mutum 30 kuwa akwai 435. Fred Brooks ya yi wannan gargaɗi tun 1975 a littafinsa The Mythical Man-Month, cewa ƙara hannu a aikin manhajar da ya makara yakan ƙara masa makara ne.

Darasin farko na tsari bai zo daga yawan mutane ba, daga kuɗi ya zo. A 2000 wani kamfani mai suna Great Bridge ya ɗauki uku daga cikin shidan nan aiki, wato Momjian da Lane da Wieck. A 2001 kamfanin ya rufe. Manhajar ba ta girgiza ba, domin ba a taɓa miƙa wa kamfanin mabuɗinta ba. Mutanen suka nemi aiki a wasu wurare suka ci gaba da abin da suke yi. In aka dubi maƙwabciyarta MySQL za a ga amfanin wannan. Ita kamfani ɗaya ne na Suwidin ya mallake ta, Sun ya saye shi a 2008 kan kusan dala biliyan ɗaya, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta kuwa, Monty Widenius, tun kafin a kammala wannan ciniki ya ɓalle ya kafa MariaDB. Ba ina cewa hanyar MySQL ba ta haifi alheri ba, ta yi sauri a wurare da dama. Amma wanda ya gina gidansa a filin da ake iya sayarwa, dole ya riƙa sauraron labarin kasuwa.

A 2004 Andrew Dunstan ya kawo wani abu da nake ganin ba a yaba masa yadda ya kamata. Ya haɗa kwamfutocin masu sa kai daga ƙasashe daban-daban, kowace da irin na'urarta da irin tsarinta, kowace an ba ta sunan wata dabba. Da zarar an shigar da sabon canji, sai su ɗauka su gina manhajar su gwada, su aiko da sakamako. Shafin sakamakon jeri ne na layuka: kore in lafiya, ja in an samu matsala. Mutum zai shigar da facinsa da yamma yana ganin komai daidai a kwamfutarsa, bayan awa guda ya ga wata tsohuwar na'ura a wata nahiya ta yi ja. Ba sai wani babba ya kira shi ya yi masa faɗa ba. Kowa na gani, shi ma yana gani, al'ada kuma ita ce ya gyara nan take ko ya janye. Wani ɓangare na aikin manaja ke nan aka ɗora wa na'ura, kuma na'ura ba ta jin nauyin kowa. Wannan ya zo a kan gaɓa, domin sigar 8.0 ta Janairun 2005 ta fara aiki kai tsaye a kan Windows, masu amfani da masu aiko da faci suka ƙaru sosai.

Inda ido ya raina fata shi ne sigar 8.3. Tsarin wancan lokaci shi ne a yi ta rubutu har ranar da za a rufe ƙofar karɓar sabbin abubuwa, sannan a zauna a duba abin da ya taru. An rufe ƙofar ranar 1 ga Afrilun 2007. Sigar ba ta fito ba sai 4 ga Fabrairun 2008, wata goma cur. Dalili kuwa a fili yake. Kowa ya jira dab da rufewa sannan ya sauke kayansa, manyan faci suka taru, masu iya duba su da idon basira kuma ba su fi wasu 'yan tsiraru ba. Waɗanda suka aiko da aiki suka yi watanni babu ko uffan, wasu suka yi zuciya. Masu dubawa suka gaji liƙis. Sabon aiki kuma ya tsaya cik, tunda ba a buɗe ƙofa sai an sallami tsohon.

A nan ne aka gane abin da nake ganin shi ne zuciyar labarin duka. Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma in masu zuba kayan miya sun kai ɗari, mai ɗanɗanawa kuma biyu ne, to tukunyar ba za ta sauka da wuri ba. Masu rubutu sun ƙaru ninkin ba ninki, masu karatu ba su ƙaru ba. Rubuta sabon abu yana da daɗi, sunan mutum yana fita, kamfaninsa yana samun abin tallatawa. Duba aikin wani kuwa wahala ce: a zauna da layi dubu uku na tunanin wani, a nemo inda zai karye idan mutum dubu suka taɓa shi lokaci guda, a rubuta masa bayani cikin ladabi, a dawo bayan mako biyu a sake dubawa.

Maganin da aka samo a 2008 shi ne CommitFest. Aka raba shekarar aiki gida-gida: a yi wata guda ana rubutu, a yi wata guda an karkata ga duba abin da aka aiko. Shekaru da dama zaman yana faɗowa a Yuli, Satumba, Nuwamba, Janairu da Maris, a rufe ƙofa a farkon Afrilu, sabuwar siga ta fito wajen Satumba ko Oktoba. Kowane zama yana da mai kula da shi, wanda aikinsa bin sawu ne da tunatarwa. Aka kuma kafa wata ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya kawo faci, ya duba na wani mai nauyi irin nasa.

Bari mu bi faci ɗaya mu gani. Wata mai rubuta manhaja ta lura wata irin tambaya tana ɗaukar lokaci fiye da kima, ta gano dalili, ta rubuta gyara. Ta aiko da bayani, ta yi rajistarsa a zaman da ke tafe, aka rubuta a gefensa cewa yana jiran dubawa. Wata na'ura ta ɗauka ta gwada ko yana hawa kan aikin yau ba tare da karo ba. Bayan kwanaki wani da ba ta sani ba daga Japan ko Indiya ya amsa: ya gwada, saurin ya ƙaru, amma ga wani yanayi da sakamakon ke fitowa ba daidai ba, kuma babu bayanin da mai amfani zai karanta. Alamar ta koma cewa ana jiran marubuciya. Ta gyara ta sake aikowa, siga ta biyu, ta uku, wani lokaci har ta goma sha. In mai dubawa ya gamsu, sai ya ce ya isa gaban mai mabuɗi. Shi mai mabuɗi, wato ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ke da ikon shigar da canji cikin ainihin manhajar, zai sake karantawa daga farko, sau da yawa ya sake rubuta wani sashe, domin daga ranar da ya shigar, alhakin ya koma wuyansa. In abin ya fashe bayan shekara uku, shi za a nema. Ana tallafa wa kowace babbar siga shekara biyar, don haka kuskuren yau kaya ne da za a daɗe ana ɗauka. In kuwa wata ya ƙare ba a kammala ba, ko a mayar mata da shawarwari, ko a tura facin zama na gaba.

Sauya manhajar adana tarihin canje-canje daga CVS zuwa Git a Satumbar 2010 ta sauƙaƙa wa mutane aiki a kwamfutocinsu, amma ba ta taɓa wannan tsari ba. Hanyar shiga ta ci gaba da zama ɗaya.

Ciwo na gaba ya fi zafi. Sigar 9.3 ta 2013 ta zo da wani canji a yadda ake kulle layukan bayanai, aka yi ta gano kurakurai a cikinsa har cikin 2015, wasu ma masu iya lalata bayanan mutane. Ƙwararru suka bar sabon aiki suka koma kashe gobara, sigar 9.5 ta makara har Janairun 2016. Matsalar da ta bayyana ita ce, idan lokacin fitarwa ya matso kuma ana shakkar wani sabon abu, babu wanda aikinsa ne ya ce a cire. Kowa yana jin nauyin abokin aikinsa da ya shekara biyu yana wahala a kai. Daga sigar 9.6 sai aka fara naɗa kwamitin mutum uku mai kula da fitarwa. Su ne ke bin matsalolin da suka rage, su sa wa'adi, su yanke hukunci in muhawara ta ƙi ƙarewa. Abin da ya fi burge ni shi ne ikonsu na siga ɗaya ne. Tana fita sai kwamitin ya watse, baɗi a naɗa wani. An ba da wuƙa, amma ba a bar ta ta kwana a hannu ɗaya ba.

Cire aikin da aka riga aka shigar ya zama abin da ake iya yi ba tare da zumunci ya lalace ba. A Afrilun 2018 marigayi Simon Riggs, wanda ya kafa kamfanin 2ndQuadrant kuma yana cikin manyan masu mabuɗi, ya shigar da umarnin MERGE dab da rufe ƙofar sigar 11. Wasu suka ce ginin cikinsa bai nuna ba. Cikin 'yan kwanaki aka janye shi. MERGE bai fito ba sai a sigar 15, a Oktoban 2022. A ita wannan sigar ta 15 ma an cire wani babban aiki kan SQL da JSON bayan har an saki sigogin gwaji da shi a ciki, sai daga baya ya dawo kashi-kashi a 16 da 17. Shekara huɗu jira ne mai tsawo ga masu buƙata, na kuma san akwai waɗanda suka ji haushi da gaskiyarsu. Duk da haka ina ganin an yi daidai. Wanda ya ajiye albashin ma'aikata dubu a rumbu ya fi buƙatar kada lissafi ya ɓace a kan ya samu sabon umarni bana.

Shi kuwa kwamitin ƙoli, yayin da aikin ke girma sai aikinsa ya riƙa tsukewa. Ba shi ke zaɓar abin da za a gina ba, kuma masu mabuɗi ne ke tattauna wanda za a ƙara cikinsu. Nasa shi ne daidaita fitarwa, riƙe al'amuran da ba a yi a bainar jama'a, da raba gardama in an rasa matsaya. A 2018 aka kafa dokar ɗa'a da kwamitinta daban, don wanda aka ci wa mutunci ya san inda zai kai kuka. Sai kuma 2020, lokacin da kamfanin EDB ya sayi 2ndQuadrant. Dare ɗaya, uku daga cikin mutum biyar na kwamitin ƙoli suka zama ma'aikatan kamfani guda. Akwai tsohuwar al'ada da ba a rubuta ba, cewa kada kamfani ɗaya ya wuce rabin kujerun. Ba a zargi kowa da mugun nufi ba, amma ba a tsaya dogaro da kyawun halin mutane ba: a Nuwamba aka ƙara Andres Freund da Jonathan Katz, kujeru suka zama bakwai. Darasin Great Bridge ne ya dawo bayan shekara ashirin, aka kuma tuna shi.

Kada wannan ya sa a ɗauka an gama da matsalar. Ba a gama ba. Masu mabuɗi a yau kimanin talatin ne, alhali masu hannu a kowace siga ɗaruruwa ne, kuma kowane zaman dubawa yana buɗewa da ɗaruruwan faci. Wasu ana ta tura su daga zama zuwa zama har shekara ta zagayo. Wanda ke aiki a babban kamfani yana da abokin ofis mai mabuɗi da zai roƙa ya duba masa. Wanda ke zaune shi kaɗai a garin da ba a san shi ba sai dai haƙuri. Wannan rashin daidaito yana damuna, domin ƙofar a buɗe take a rubuce, amma ba kowa ke samun mai amsa sallamarsa ba. Mata ma ƙalilan ne ƙwarai a cikin masu mabuɗin. An yi ƙoƙari: tun sigar 10 ana jera sunayen duk masu hannu a takardar fitarwa, har da masu dubawa da masu kawo rahoton kuskure, a 2024 kuma Robert Haas ya soma shirin haɗa sababbi da masu mabuɗi don koyarwa. Amma muddin kamfanoni sun fi son biyan mai ƙirƙira a kan mai dubawa, layin ba zai gajarce ba.

Wani zai ce, to a raba mabuɗan mana ga mutum ɗari. Abin da ya faru a Maris 2024 ya isa amsa. Andres Freund ɗin nan yana gwajin saurin PostgreSQL sai ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai kawar da kai ba, ya bi diddigi har ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kwamfutocin Linux masu ɗimbin yawa. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu kyau har ya samu amincewar mai kula da manhajar, mutum ɗaya da aiki ya yi wa yawa, aka ba shi mabuɗi. Labarin yana da kaifi biyu. Barin mutum ɗaya da kaya haɗari ne, miƙa mabuɗi don an gaji shi ma haɗari ne. Hanyar da ta rage ita ce mai wahalar: a yi ta rainon masu dubawa shekara da shekaru, a fili, har amana ta tabbata.

In na waiwayi tafiyar nan tun 1996, ban ga ranar da aka zauna aka zana tsari a allo ba. Kowace ƙa'ida tana da ciwon da ya haife ta, kuma an yi ta daidai girman ciwon. Shi ya sa nake jan kunnen ƙananan ƙungiyoyin da ke kwaikwayon manya: mutum huɗu ba sa buƙatar kwamiti uku da zaman dubawa biyar. Abin da suke buƙata tun ranar farko shi ne kada rubutun kowa ya shiga sai wani ya karanta, kada kuma mabuɗi ya zauna a aljihun mai kuɗi ɗaya.

Matasanmu masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Damagaram da sauran wurare, da yawanku kuna ɗora ayyukanku a kan wannan rumbu kyauta. In kuna son sa hannu, kada ku jira sai kun ƙirƙiro wani gagarumin abu. Ku buɗe jerin facin da ke jiran dubawa, ku zaɓi ƙarami, ku gina shi a kwamfutarku, ku gwada, ku rubuta abin da kuka gani dalla-dalla, ko da kuwa iyakarsa shi ne bayanin bai fito sarai ba. A can ake da ƙarancin hannu, kuma ta can ake fara sanin mutum.